Asabar a shago, kunne ya sha yawo

Asabar, bayan isha'i.

Ɗinkin biki ne ya danne ni wannan makon. Ankon abokan ango, shadda ruwan toka, kowa yana son nasa kafin Alhamis, alhali rabinsu ba su kawo awo da wuri ba. Irin wannan rana ba na son surutu a shago. Ina buɗewa na jona waya da lasifika, na ce wa yaran yau ni ne mai zaɓe, kuma duk kundin waƙar da na sa sai ya kai ƙarshe, babu tsallake. Ƙaramin ya ɓata rai. Shi ya saba da na TikTok, waƙa ba ta cika rabin minti ya ture ta da ɗan yatsa.

Da safe yanka nake yi, shi kuwa yanka ba ya son hayaniya, don in almakashi ya kauce a shadda mai tsada babu gyara sai biya. Sai na sa Kind of Blue na Miles Davis. Kiɗan jaz ne zalla, babu muryar kowa, guda biyar kacal cikin minti 45 da 'yan kai. A birnin New York aka ɗauke shi a 1959, zama biyu, ɗaya ranar 2 ga Maris, ɗaya 22 ga Afrilu, a wani tsohon coci da kamfanin Columbia ya mayar situdiyo. Miles bai rubuta wa makaɗansa komai dalla-dalla ba. Ya nuna musu hanyar da kiɗan zai bi, sauran ya bar wa kowa ya cika da kansa. Kuma kana ji a kunnenka. Shi Miles rowar busa gare shi, ya hura ƙaho sau biyu sau uku ya yi shiru, ya bar fili. John Coltrane, shi ma mai busa ne, yana karɓa sai ya cika filin taf, yana hawa yana sauka ba numfashi. Bill Evans yana can ƙasa da fiyano yana yi musu shimfiɗa. Babu wanda ya taka wani.

An kai tsakiya babban yaron ya ɗago kai daga saka maɓalli ya ce, "Oga, wai yaushe za su fara?"

Na ce ai sun kusa gamawa. Muka yi dariya. Ban ga laifinsa ba, kunnenmu ya saba da magana, in ba a faɗi komai ba sai mu ga ba a yi waƙa ba. Amma ni abin da ke riƙe ni a kundi ke nan tun da daɗewa: in ji mutane a ɗaki ɗaya suna sauraron juna, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka.

Shi ya sa da ya ƙare na wuce Mali kai tsaye, na sa In the Heart of the Moon na Ali Farka Touré da Toumani Diabaté. Ali da jita, Toumani da kora, abin kiɗan nan na Mali mai tsirkiya da yawa. A wani ɗaki na otal ɗin Mandé da ke bakin kogin Neja a Bamako suka zauna, ba su yi atisaye ba, aka kunna na'ura suka fara. Ya fito a 2005, ya ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 2006, a watan Maris na shekarar kuma Ali ya rasu. Mutane sun fi ambaton Talking Timbuktu da ya yi da Ry Cooder a 1994, shi ma ya ci Grammy, ni ma ina jin sa. Amma a can Ali baƙo ne a Amurka, ana kewaye shi da kayan kiɗa ana yi masa ado. A nan kuwa a gida yake. Ya riƙe ƙasan kiɗan da jitarsa, ba ya gaggawa, ya saki Toumani yana ta zuba a sama. Dattijo ne ya ba wanda bai kai shi shekaru ba wuri, da gangan, kuma bai ragu da komai ba. Har na gama yanka riguna ban sani ba.

Wajen sha ɗaya aka ɗauke wuta, muka tada janareta, kekuna suka fara ƙara. A wannan hali jaz ba ya jiyuwa, sai mai ƙarfi. Zombie na Fela, 1976. Waƙar farko minti 12 ce da ɗoriya, kuma sai an ci kusan rabinta kafin Fela ya buɗe baki. Kowa ya san abin da ya biyo bayanta: a Fabrairun 1977 sojoji suka far wa gidansa na Kalakuta a Legas suka ƙone, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Saboda wannan labari in ana maganar kundin sai a tsaya kan zagin soja. Ni kuwa a wurina mai kundin shi ne Tony Allen, mai ganga. Yau na kasa kunne gare shi shi kaɗai. Hannu biyu, ƙafa biyu, kowanne da abin da yake faɗa, kuma ba ya dukan ganga da ƙarfi, lallaɓa ta yake yi. Na lura ƙafata a kan keke ta bi shi, kalmasar wando ta fita sumul.

Ƙaramin yaron ya samu ƙofa ya ce, "Oga, tunda an zo Najeriya a sa mana Burna mana." Na yarda. Ya so Twice as Tall, wanda ya ci Grammy a 2021, ni na ce African Giant na 2019 ya fi shi jini a jiki, kuma shi muka sa. Yaron nan Burna ya sha Fela har ya ƙoshi, ba mamaki, kakansa Benson Idonije ya taɓa zama manajan Fela. Muryarsa tana da nauyi, ya iya zama a kan kiɗa. Matsalata da kundin tsawo ne. Waƙa 19! Tela ne da aka kawo masa yadi goma, maimakon ya yanki abin da rigar ke bukata ya mayar da saura, sai ya ɗinke duka a jikin mutum. Da an cire shida ko bakwai da ba a kama ƙafarsa. Ba halinsa ba ne shi kaɗai, yanzu kuɗin yana zuwa ne daga yawan saurare a intanet, to kowa sai ya jibga.

Zamanin faifan garmaho fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti ashirin da kaɗan, dole mawaƙi ya zaɓa, dole ya yi tunanin me zai buɗe me zai rufe. Exodus na Bob Marley shi ne misalin da nake bayarwa kullum. A Landan ya yi shi a 1977, bayan an harbe shi a gidansa a Jamaika a Disambar 1976. Waƙa goma. Fuskar farko addini da gwagwarmaya, ka juya faifan ka tarar da soyayya da kwantar da hankali. Wanda ya hargitsa jerin a waya ya ji waƙoƙi masu daɗi, amma bai ji Exodus ba.

Thriller na Michael Jackson ma mun saurara kafin azahar, waƙa tara, 1982. Aikin Quincy Jones, wanda ya haɗa kiɗan, ba a raina shi, komai a goge yake, kuma a daren Grammy na 1984 Michael Jackson kyauta 8 ya kwasa. Sai dai ba ya zauna mini a rai. Kowace waƙa an gina ta ne don ta ci kasuwa ita kaɗai, wadda ya yi da Paul McCartney kuwa ba don dokar da na kafa da bakina ba da na tsallake ta. Na dai gaya wa yaran cewa amshin da ke ƙarshen waƙar farko daga Soul Makossa na Manu Dibango ɗan Kamaru aka ɗauko shi, har sai da aka sasanta da shi da kuɗi. Ba su yarda ba sai da suka duba a waya.

Muka kashe komai muka tafi masallaci.

Bayan la'asar Baba mai gyaran rediyo na layinmu ya shigo karɓar hularsa da na gyara masa baki. Ya zauna a benci ya ce, "Tela, ba ka da Don Williams a cikin abin nan?" Na sa masa. Mutanen zamaninsu Allah ya haɗa jininsu da kiɗan ƙauyen Amurka, Don Williams da Jim Reeves da Dolly Parton, a rediyo suka tashi da su. Ni yana yi mini sanyi da yawa, waƙa uku na fara hamma. Baba kuwa ya lumshe ido yana kaɗa kai.

Da ya ji dokar da na kafa yau sai ya ce, "To a cikin duk wannan yawon naka ina namu? Sa mana kundin Shata."

Na ce, "Baba, wanne?"

Nan hira ta tsaya, don tambayar ba ta wasa ba ce. Abin da ke wayata sunansa kawai Shata 1, Shata 2, Shata 3, yadda mai tura waƙa a kasuwa ya jera su. Kafin shi ma masu kaset haka suka yi, a ɗauko wannan daga gidan rediyo, wancan daga wajen biki, a cika kaset a rubuta suna da biro. An buga wa Shata faifai a zamaninsa, amma yawancin abin da ke hannun mutane ba shi ya zauna ya ce wannan ce ta ɗaya wannan ce ta ƙarshe ba. Waƙa ɗaya ma sai ka same ta kala uku, don duk inda ya tsaya sabuwa yake yi, ya ga wani a taron ya jefa sunansa, ya tuna wani gari ya sako shi.

Na sa ɗaya daga ciki, muka yi shiru har janareta na ji ya dame ni. Abin nan da na yaba wa Miles Davis da safe, ga shi nan a gabana da Hausa. Shata ya jefa magana, kalangu ya maimaita ta da bakinsa, 'yan amshi su ɗauke, shi kuma yana can ya riga ya shirya ta gaba. Wani wuri ya ja baya ya bar makaɗan su yi ta yi, sai ka ji ya faɗo daidai kan gaɓa. Ba takarda, ba a tsaya a sake ba. Haka Ɗanƙwairo da kotsonsa da 'yan amshin nan nasa masu karɓeɓeniya, haka Barmani Choge da matanta a kan ƙwarya. Ɗanmaraya Jos ne kaɗai ba ya jiran kowa, shi da kuntiginsa sun isa taro.

Abin da ya ci mini rai shi ne wannan. Ni tela a nan ina iya gaya maka wanda ya riƙe bes, babban abin tsirkiyar nan mai kaurin murya, a kundin Miles a New York ranar 22 ga Afrilun 1959, Paul Chambers, da mai ganga, Jimmy Cobb, don an rubuta a bayan faifan kuma ana ta sake bugawa. Amma wannan waƙar da ke tashi a shagona, babu abin da ke jikinta da zai gaya mini wa ya riƙe kalangu, a wane gari, a wace shekara. Shata fa, mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, jiya-jiya. Baba ya ce shi yana gane wasu da kunne, ya san wadda aka ɗauka a gidan rediyo da wadda aka ɗauka a fili, kuma yana da kwali guda na kaset a ƙarƙashin teburinsa tun na mutanen da suka kawo gyara ba su dawo ba. Na ce don Allah kada ya bari damina ta same su a nan. Ya ce in turo yaro ranar Litinin.

Da ya tafi na sa Afrique Victime na Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita da hagu, 2021. Wuta ce kawai. Mai gangarsa yana ƙara gudu a hankali har sai ka ji kujera ba ta riƙe ka. Yaran suka ce wannan kam sun yarda. Abin da ya ba su mamaki da na ce kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya yi shi a 2008, da kiɗan kwamfuta da muryar nan da ake lanƙwasawa da na'ura irin ta waƙoƙin finafinanmu. Ta bulutut da memori waƙoƙin suka bazu a Sahel, waya zuwa waya, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya nemo shi. Na sa musu shi kaɗan. Babu ɗaki, babu makaɗa masu kallon juna, mutum ɗaya ne da inji, duk abin da na ce ba na so. Kuma ina son sa. Akwai kewa a ciki da na'urar ba ta iya kashewa ba.

Guga ce aikin ƙarshe. Na gwada The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, 1973, da ake ta kai shi sama. Wurin da agogai ke kaɗawa gaba ɗaya ya firgita ƙaramin har ya saki dutsen guga, Allah ya sa ba kan shadda ba. Na kai shi ƙarshe saboda doka. An ƙware wajen haɗa sauti, ban musa ba, amma ban ji mutum a ciki ba sai wurin da matar nan take rera kuka ba kalma. Mai yiwuwa ba kundin guga da janareta ba ne.

Na so in rufe da Ummu Kulsum, Inta Umri, wadda Muhammad Abdulwahab ya yi mata kiɗanta a 1964, ɗaukar gaban jama'a inda mutanen Alƙahira ke ihu sai ta maimaita baiti. Amma tana neman awa guda, ga magariba ta kawo kai, ga riguna huɗu babu aikin wuya. Yaran sun ce ranar Litinin su ne da zaɓe, na ce na ji, da sharaɗin su ma babu tsallake.