Yauƙin Kindirmo a Cikin Faranti

Yau Laraba, da hantsi na isa ɗakin gwaje-gwaje, domin farantan da na ajiye jiya a na'urar ɗumi sun cika awa 24 a zafin digiri 37. Ƙwayoyin da nake aiki da su daga kindirmo na samo su, wanda na saya wajen wata Bafulatana a Ƙofar Ƙaura makonni uku da suka wuce.

Waɗannan bakteriya masu amfani, dangin Lactobacillus, suna cin sukarin madara su mayar da shi tsami, amma wasunsu suna kuma ɗinke ƙwayoyin sukarin su zama dogayen zarurruka da suke fitarwa su lulluɓe jikinsu, kuma wannan shi ne yake ba kindirmo mai kyau kauri da ɗan yauƙin da ake ji a ludayi. Na ware wannan sinadari mai yauƙi ne ta hanyar zuba ethanol (wani nau'in barasa na ɗakin gwaji) mai sanyi, ya kwana a firji, ya kwanta fari a gindin kwalba kamar gasara. Tun a 1861 Louis Pasteur ya gane cewa ƙwayoyin halitta ne ke haddasa irin wannan yauƙi a ruwan inabi, abin da yake ba ni mamaki duk lokacin da na tuna.

Ƙwayoyin cuta iri biyu na shuka a farantan jiya don in ga ko sinadarin zai hana su yaɗuwa. Da na ɗaga farantin Staphylococcus aureus a hasken taga, sai na ga siririn da'ira fayau kewaye da ramin da na ɗiga sinadarin, alamar ƙwayar cutar ta kasa yaɗuwa a wurin. A farantin E. coli kuwa ban ga komai ba, wataƙila saboda ƙarin ɓawon da take da shi a waje. Murna ta kama ni, na kira Malam. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce: "Kada ki yi gaggawa. Idan akwai ragowar tsami a ciki, shi kaɗai zai iya yin wannan. Ki sake tace shi." Gaskiyarsa. Ya kuma tuna mini cewa sau da yawa ƙarfin waɗannan zarurruka ya fi bayyana wajen hana ƙwayar cuta manne wa bangon hanji da gina wa kanta sheƙa, kuma gwajin rami ba ya nuna hakan.

Na damu da wannan bincike ne saboda yadda nake ganin ana sayen kafso a kemis kamar alewa, a sha biyu a watsar da sauran. A 2019 kaɗai, bijirewar bakteriya ga magunguna ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 1.27 a duniya.

Da daddare na ba Iya labari tana dama fura. Ta ce ita tun tana yarinya ba ta wanke ƙwaryar kindirmo da sabulu, kuma sai ta bar ɗan tsohon a ciki kafin ta zuba sabuwar madara. Na roƙe ta ta sam mini cokali ɗaya daga ƙwaryar, gobe in Allah ya kai mu zan shuka shi a sabon faranti.