Darare huɗu na azumi da na yi ina ƙirga makin ninkaya

Léon Marchand ne ya jawo ni. A watan Yulin 2023, a birnin Fukuoka na Japan, wannan yaro ɗan Faransa ya karya tarihin Michael Phelps, gwanin ninkayar Amurka, a tseren mita 400 na salo huɗu, wato wanda ake haɗa salon iyo huɗu a tsere ɗaya, na yi ta maimaita bidiyon har data ta ƙare. Ni da na koyi iyo a kududdufin bayan gari, inda gwaninta ita ce ka nutse ka ɗebo laka ka nuna wa yara, ban taɓa ganin mutum yana tafiya a ƙarƙashin ruwa haka ba. Da na ji cewa ɗalibi ne a jami'ar Arizona State ta Amurka, kuma zai fito a gasar jami'o'i ta maza da hukumar NCAA ke shiryawa, sai na ƙudura zan bi ta daga farko har ƙarshe.

An yi gasar a Indianapolis daga 27 zuwa 30 ga Maris 2024, ana tsakiyar azumi. Tazararmu da su awa biyar ce. Zagayen share fage da suke yi da hantsi yakan faɗo mana wajen ƙarfe uku na rana, lokacin da ƙishi ya fara kama maƙoshi, zagayen ƙarshe kuwa sai sha ɗaya na dare, bayan an sauko daga asham an ɗan huta. Tashar da ke nuna wasan kai tsaye ba ta buɗuwa a wajenmu, don haka shafin sakamako na riƙa sabuntawa a waya, bidiyo kuma sai daga baya a YouTube.

Kuskurena na farko shi ne gwada lokutansu da na gasar Olamfik. Ba a haɗa su. Kwamin jami'o'in Amurka da yadi ake auna shi, yadin nan dai da tela ke auna shadda, kuma tsawonsa yadi 25 ne, bai ma kai mita 23 ba, alhali na Olamfik mita 50 ne. Wannan ya sa juyi a jikin bango ya yi yawa, kuma a yawancin salon iyo, duk juyi ɗaya doka ta yarda mutum ya yi har mita 15 a nutse. Wanda ya iya bugun ƙafa a ƙarƙashin ruwa zai iya cinye fiye da rabin tseren bai ɗago kai ba. A nan Marchand ya fi kowa. Ranar Alhamis ya yi yadi 500 a minti 4 da sakan 2.31, ya zaftare kusan sakan huɗu daga tarihin da shi da kansa ya kafa makonni kaɗan kafin nan. Na duba lambar sau uku, na ɗauka shafin ne ya yi kuskure.

Amma da na buɗe jadawalin maki a daren, sai na ga duk wannan abin al'ajabi maki 20 kacal ya kawo wa makarantarsa. Na biyu ya samu 17. Mutum ya tsere wa abokin karawarsa da nisan da ido ke gani daga ƙofar zaure, bambancin maki uku. Abin ya tsaya min a rai har sahur.

Washegari na ɗauko littafin rubutu na ja layuka. Ga yadda lissafin yake: mutum 16 ne ke samun maki a kowane tsere. Takwas da suka fi sauri da safe su ne ke shiga babban zagayen dare, inda ko na ƙarshe yana da maki 11. Takwas na bayansu suna da nasu ƙaramin zagayen, kuma wanda ya ci shi maki 9 zai samu, ko da lokacinsa ya fi na zakaran babban zagayen. Ke nan wanda ya yi sanyin jiki da safe ya zo na tara, komai bajintar da zai nuna da dare ba zai wuce 9 ba. Wanda ya zo na 17 kuwa sai dai ya koma gefe yana tafa wa abokansa. Daga ranar na daina ɗaukar zagayen rana a matsayin abin wucewa. Ƙarfe uku na yi, sai in zauna in ƙirga: Arizona State ta shigar da mutum nawa sama, nawa ƙasa, jami'ar California mai riƙe da kofin fa? Kafin a sha ruwa na riga na san inda daren zai karkata.

Sunayen da na riƙa rubutawa a littafin nan yawancinsu ban taɓa jin su ba. Yaron da ya zo na sha ɗaya ya kawo maki 6, wani na sha huɗu ya kawo 3. Da ɗai-ɗai gwarangwama ke cika. Marchand ba shi da damar shiga tseren kansa fiye da uku, iyakar abin da zai tara shi kaɗai 60 ne, kuma ya tara ɗin, domin ya ci yadi 400 na salo huɗu ya kuma ci yadi 200 na iyon kwaɗo. Josh Liendo na jami'ar Florida, baƙar fata ɗan Kanada, shi ma uku ya ci. Amma Arizona State da maki 523.5 ta ƙare, California 444.5. Ka cire 60 daga 523.5 ka ga yawan hannayen da suka ɗauki kayan.

Tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu shi ne ya fi tsinka min zuciya, saboda makinsa ninki biyu ne, na farko 40. Daren Juma'a 'yan Florida suka gama na yadi 400 mai salo huɗu, sai alƙalai suka soke su, saboda ɗayansu ya bar dandamali kafin ɗan'uwansa ya iso. Na'ura ce ke auna wannan, ba ta san lallashi ba. Duk makinsu ya tafi a kan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, Arizona State ce ta ci tseren. Ina goyon bayan waɗanda suka ci tseren, amma wallahi na tausaya wa yaron nan. Ɗalibi ne, da safe zai sake shiga ruwa tare da mutanen da ya jawo wa asarar.

Wani abu da ya ƙara min girman kofin shi ne tarihin ƙungiyar. A 2008 jami'ar ta soke ninkayar maza saboda rashin kuɗi, tsofaffin ɗalibai da iyaye ne suka yi karo-karo aka dawo da ita. A 2015 aka ɗauko Bob Bowman, wanda ya horar da Phelps tun yana yaro, ya yi shekara tara yana gini kafin wannan kofi, wanda shi ne na farkonsu.

Daren Asabar ya zo daidai da daren farko na goman ƙarshe. Ina zaune a tsakar gida da littafina a cinya, masallacin unguwa ya fara kunna lasifika don tahajjud, su kuwa suna shirin tseren ƙarshe, karɓa-karɓa na yadi 400. Lissafina ya nuna kofin ya riga ya zama nasu ko da sun zo na ƙarshe, duk da haka suka ci tseren da sabon tarihi. Na rubuta 40 ɗin a layin ƙasa, na rufe littafin, na yi alwala.

Ranar Litinin sai ga labari cewa Bowman ya koma jami'ar Texas, ya gaji Eddie Reese da ya yi ritaya da kofuna 15. Da Maris ta zagayo a 2025 na sake jan layuka a sabon shafi, wannan karon da sunan Texas a sama, kuma ita ce ta ɗauki kofin.