Abin da Jinyar Mahaifina Ta Koya Mini Game da Gyambon Kwanciya

Lokacin da mahaifina ya kwanta bayan shanyewar ɓarin jiki, hankalina duk ya tafi kan maganin hawan jini da motsa masa hannu da ƙafa, ban taɓa kawo wa raina cewa kwanciyar kanta za ta haifar da wata cutar ba. Wata safiya ina sauya zanin gado sai na ga tabo a ƙasan bayansa, daidai inda ƙashi ya fi kusa da fata, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, ya fi sauran jikin duhu, kuma da na taɓa na ji ɗumi da tauri. Na ɗauka gugar zani ce, saboda haka na shafa mai na murza wurin da kyau, ina ganin taimakonsa nake yi. Bayan 'yan kwanaki fatar ta buɗe.

Ma'aikaciyar jinyar da ta zo duba shi ba ta yi mini faɗa ba, ta dai zaunar da ni ta bayyana mini yadda abin yake faruwa. Idan nama ya daɗe a matse tsakanin ƙashi da katifa, ƙananan jijiyoyin jini sukan toshe, wurin ya rasa abin da ke rayar da shi, kuma ɓarnar tana iya farawa cikin awoyi kaɗan, sau da yawa daga ciki kusa da ƙashi kafin ta bayyana a waje. Murzar da na yi ƙara raunata naman ta yi. Ta ce a fata mai haske alamar farko ja ce wadda ba ta gushewa ko an danna da yatsa, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai a lura da canjin launi da zafi da tauri. Ta auna haɗarin da mahaifina yake ciki na samun gyambon kwanciya da ma'aunin Braden, wanda aka fitar a 1987, mai duba abubuwa shida, ciki har da jin taɓi da danshi da motsi da cin abinci. Makin ma'aunin daga 6 ne zuwa 23, kuma gwargwadon ƙarancin maki gwargwadon haɗari. Gyambon nasa yana mataki na biyu cikin huɗu, wato bai kai ga kitse ko ƙashi ba.

Daga ranar na gane cewa mafi yawan aikin a nesa da gyambon ake yin sa. Mukan juya shi kusan duk bayan awa biyu, dare da rana, kuma ba ma kwantar da shi kai tsaye a kan ƙashin ƙugu, sai mu karkata shi kaɗan, kamar digiri 30, mu tokare bayansa da matashin kai. Wani matashin muna sa shi ƙarƙashin sha-raɓa domin diddige ya tsaya a iska, saboda diddige da ƙasan baya su ne wuraren da suka fi saurin ciwo. Idan za a gyara masa kwanciya, mu biyu muke ɗaga shi da zani, domin jan tsoho a kan katifa yana sa fata ta tsaya wuri ɗaya naman ciki ya goce. Zoben robar da ake sa wa mutum ya zauna a kai, wanda na saya da kyakkyawar niyya, ma'aikaciyar jinyar ce ta ce in ajiye shi, don matsin yana komawa gefe-gefe ne kawai. Juyin dare ya fi komai wuya, kuma a ganina duk wanda ya ce zai iya shi kaɗai na tsawon watanni yana yaudarar kansa.

Abin da ya fi yi mini wuyar karɓa shi ne batun danshi, domin na taso da yaƙinin cewa rauni sai ya sha iska ya bushe yake warkewa. Ashe tun 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya nuna a gwajin da ya yi a fatar aladu cewa raunin da aka rufe ya riƙe danshinsa yana yin sabuwar fata da saurin da ya kusa ninka na wanda aka bari ya yi ɓawo. Don haka nakan wanke hannu, in sa safar hannu, in wanke gyambon a hankali da ruwan gishiri na asibiti mai kashi 0.9 cikin ɗari, in tsane gefensa, sannan in rufe da bandejin da ba ya mannewa a jikin nama. Sifirit da ruwan haidirojin mai kumfa na wanke rauni na daina kusantar da su, saboda suna kashe sabon naman tare da ƙwayoyin cutar. Filasta ma na koyi tsoronta, tun ranar da na ɓamɓare ta daga hannunsa ta taho da fata, shi kuwa ya ce, “Yi a hankali, ɗana, jikin ba irin na da ba ne.”

Abinci mai gina jiki da isasshen ruwa suna cikin maganin, kuma ga mai ciwon suga daidaita sugan da duba ƙafa kullum wajibi ne, tunda yana iya jin rauni bai sani ba.

Na ajiye littafi ina rubuta tsawon gyambon da faɗinsa duk mako, da launinsa da yawan ruwan da yake fitarwa, kuma wannan rubutu shi ne ya fi yi wa likita amfani idan ya tambaya. An gargaɗe ni cewa in na ga mugunya ko wari, ko kumburi da zafi suna yaɗuwa, ko naman ya yi baƙi, kada in jira gari ya waye. Gargaɗin da ban zata ba shi ne cewa tsoho yana iya kamuwa da cuta mai tsanani ba tare da zazzaɓi ba, alamar kawai ta zama ruɗewa ko yawan barci ko ƙin abinci. Gyambon Baba ya rufe bayan makonni, amma sabuwar fatar ba ta kai ta asali ƙarfi ba, shi ya sa har yanzu kowace safiya, kafin in ba shi magani, sai na juya shi na duba wurin da diddigensa biyu a cikin haske.