Awa 16 daga Dubai zuwa Los Angeles

Tikitina ya nuna tashi daga Dubai wajen ƙarfe tara na safe, sauka a Los Angeles wajen biyu na rana, duk a rana ɗaya. Wanda ya yi masa kallon sama-sama sai ya ce tafiyar awa biyar ce. Ina! Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da ake magana ne, kuma a watannin zafi Dubai tana gaban Los Angeles da awa 11, a na sanyi 12. Biyar a haɗa da sha ɗaya, awa 16 ke nan mutum yana ɗaure a kujera.

Tazarar kusan kilomita 13,400 ce. Jirgin yana cin kamar kilomita 900 a awa, wato awa 15 a lissafin takarda. Ragowar ta tafi wajen jiran layin tashi, hawa sama, saukowa da kuma iska.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne taswirar da ke ɗan allon bayan kujera. Amurka tana yamma, amma jirgin ya miƙe arewa. Ya bi ta Iran, ya shiga Rasha, ya ratsa yankin ƙanƙara na can saman duniya, sannan ya gangaro ta Kanada. Ba zagaye ya yi ba, gajeriyar hanyar ke nan. Duniya mulmulalliya ce, taswirar bango kuwa baje ta aka yi. Ka ɗauki zare ka ja shi tsakanin ɗigo biyu a jikin ƙwallo, za ka ga inda zai bi. Na ɗaga marfin taga sau ɗaya lokacin da aka kashe fitilu mutane suna barci, hasken farar ƙanƙara ya kashe min ido, na yi maza na rufe. Har muka sauka rana ba ta faɗi ba.

Tun daga nan ba na auna tafiya da kilomita kaɗai. Akwai iska mai ƙarfi a sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, mai zuwa gabas tana tura shi, mai zuwa yamma yana kokawa da ita. Shi ya sa Landan zuwa New York kan ci kusan awa takwas, dawowa kuwa bakwai. A Fabrairun 2020 guguwa ta tura wani jirgin British Airways ya iso Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56.

Jiki kuma da nasa lissafin. Wajen awa ta goma takalmina ya fara matse ni, leɓɓana suka bushe ƙamas. Yanzu duk tafiyar da ta haura awa goma kujerar bakin hanya nake nema, don in riƙa tashi ina taka ƙafa ba tare da na tashi kowa daga barci ba.