Kiredit 90 na tara, 70 suka tsallaka da ni

Shekara uku na yi a wata kwalejin al'umma a jihar Kalifoniya, irin waɗanda ake yin rabin karatun digiri a cikinsu sannan a wuce jami'a. Da rana ina aiki a shago, da yamma ina aji. Kuɗin da sauƙi ga mazaunin jihar, dala 46 kan kowane kiredit (ma'aunin da ake ƙirga nauyin kowane kwas da shi), shi ya sa duk kwas ɗin da ya ba ni sha'awa sai na yi rajistarsa: tarihi, ɗaukar hoto, har da Faransanci.

Lissafin gida nake yi a kaina. A Najeriya mai NCE ko difloma yakan shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, takardarsa guda ake dubawa. Na ɗauka nan ma yawan abin da ka tara shi ke tura ka gaba. Duk lokacin da na yi waya da kawuna ya tambaye ni karatu, sai in ce, "Kawu, ai na kusa, rumbu ya cika."

Ranar da na je wurin mai ba ɗalibai shawara ne ido ya raina fata. Ta buga takardar sakamakona, ta ɗauki biro, tana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Kwasa-kwasan share fage da na yi a zangon farko ta ja musu layi, kiredit 6, domin jami'a ba ta ƙirga su. Saura 84. Sai ta rubuta 70 a gefen takardar ta zagaye shi. Wannan shi ne iyakar abin da jami'o'in gwamnatin jihar, na rukunin UC (University of California) da na CSU (California State University), suke karɓa daga kwalejin al'umma. Abin da ya haura, za su yarda ka yi kwas ɗin, ba za su sa ka maimaita ba, amma adadinsa ba ya shiga cikin 120 ɗin da digiri yake buƙata.

Wannan asarar na iya haɗiye ta. Abin da ya hana ni barci shi ne, duk da wannan tulin, babu kwas ɗin lissafi na biyu da fannin da nake nema ya sharɗanta. Kwas ɗaya tal. Kuma sau ɗaya a shekara suke ɗaukar masu tsallakowa a fannin. Haka na ƙara shekara guda cur.

Ban ga laifin ƙa'idar ba, gaskiya. Tsarin CSU yana son aƙalla kiredit 40 na manyan azuzuwa, waɗanda a jami'a ake koyar da su, don haka dole a tsayar da iyaka a wani wuri. Abin da yake damuna shi ne wanda iyayensa ba su taɓa bin wannan hanya ba, sau da yawa sai aski ya zo gaban goshi yake jin labari. Rahoton da ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Kuɗin haya ne da gumin mutane.

Alhali bayanin yana nan a fili. Akwai shafin ASSIST, inda za ka zaɓi kwalejinka da jami'a da fanni, ya nuna maka wane kwas ne yake tsayawa a madadin wane. Akwai kuma ADT, takardar kammala kwalejin al'umma mai kiredit 60 da aka tsara don masu wucewa jami'a, wadda take ba da tabbacin gurbi a tsarin CSU.

Bana 'yar yayata ta fara kwaleji. Kafin ta yi rajistar komai na zaunar da ita, muka buɗe shafin. Ta ce, "Kawu, ni fa ban ma zaɓi jami'a ba tukuna." Na ce ta kawo guda biyu da take tunani. Muka rubuta kwasa-kwasan da duka biyun suke nema, ta manna takardar a jikin firij.