Yadda layi ɗaya a takardar EHCP ya cinye mana kusan shekara guda

Iyaye 'yan uwana da ke Ingila masu yara da EHCP, wato takardar tsarin ilimi da lafiya da kulawa ta yara masu buƙata ta musamman, don Allah idan daftarin gyara ya iso bayan mitin ɗin shekara, ku ɗauko tsohon ku ajiye gefen sabon ku bi layi-layi, musamman sashen F na tallafin ilimi da sashen G na lafiya. Har yau idan na tuna abin da aka yi mana sai in ji raina ya ɓaci.

Ɗana yana da otizim da farfaɗiya, maganarsa kaɗan ce. Yana Year 11, ajin ƙarshe na sakandare, aka yi bitar da za ta kai shi kwaleji, kun san doka ta ce sai an fitar da takardar ƙarshe kafin 31 ga Maris ta wuce ga masu barin sakandare. Mitin ɗin kansa ba laifi, malamarsa ta yi ƙoƙari, an gayyaci ɓangaren asibiti da na soshal, wato ma'aikatan jin daɗin jama'a, amma rahoto kawai suka turo, kujerunsu babu kowa. Ni kuma hankalina gaba ɗaya yana kan sashen I, wato sunan kwalejin da muke so. Daftari ya zo, kwana 15 ake ba mutum ya ce wani abu, kwalejin ta amince, takardar ƙarshe ta fito da sunanta a ciki, muka yi hamdala ni da Abbansu har da kiran gida a yi mana barka.

Ashe an yi mana sakiyar da ba ruwa. A tsohuwar takarda mai koya masa magana tana cikin sashen F, an rubuta sau nawa a mako, minti nawa, da irin ƙwararriyar da za ta yi. A sabuwa an ɗauke layin an kai shi sashen G na lafiya, an kuma share mintocin, aka bar wai za a duba shi idan buƙata ta taso. Buƙatar wa? Wa zai ce ta taso? Yaron da ba ya iya cewa kansa na ciwo?

Ita mai koyarwar ce ta fasa ƙwan a watan Mayu, tana tattara katunan hotunan nan da yake nunawa idan yana son ruwa ko banɗaki, ta zuba su a jakar leda ta miƙo min ta ce Maman, ki ajiye a gida tunda daga Satumba ba ni a tsarinsa. Wallahi ƙafafuna sai da suka yi sanyi.

Ga inda gizo ke saƙar. Abin da ke sashen F wajibi ne kansul, wato ƙaramar hukuma, ta samar ta kuma biya, haka dokar yara da iyalai ta 2014 ta ce, kuma kotun SEND, mai sauraron ƙarar ilimin yara masu buƙata ta musamman, tana iya tilasta musu su gyara abin da aka rubuta a sashen. Sashen G kuwa kotun shawara kawai take iya bayarwa. Dokar nan dai ta ce duk wani aikin lafiya da ke koyar da yaro ko horar da shi, ilimi ake ɗaukarsa, to koyon magana a F ya kamata ya zauna. Wata baiwar Allah a SENDIASS, ofishin ba iyayen irin yaran nan shawara, ce ta warware min wannan a waya, na ƙara dubawa a shafin IPSEA, ƙungiyar agaji mai ba da shawarar doka kan wannan harka, su biyun kyauta ne, ku neme su tun kafin mitin.

Wata 2 ake ba mutum ya ɗaukaka ƙara daga ranar da ke kan wasiƙar, namu saura ƙiris, kuma sai ka fara kiran masu sasanci sun ba ka satifiket tukuna. Mun samu shiga da ƙyar. Sai jira. Ya fara kwaleji babu mai koyarwar, sabon wuri sabbin fuskoki ba wanda ya san katunansa, ya koma cizon hannu da muka yi shekaru muna fama ya daina. Ana cikin haka wasiƙu suka fara zuwa da sunansa ba nawa ba, wai tunda ya wuce shekarun karatun dole haƙƙin yanke shawara ya koma hannunsa, sai da aka tabbatar ba zai iya wannan ba sannan na ci gaba da tsaya masa. Kafin ranar zaman kotu kansul ta janye ta mayar da layin F da mintocinsa. Ba haƙuri ba komai, imel ne mai layi biyu.

Bitar bana na je da shirina. Na nemi rahotanni mako 2 kafin mitin kamar yadda ƙa'ida ta ce, na rubuta wa soshal da asibiti da kaina cewa ina son mutum a kujera ko ta bidiyo, kuma duk abin da aka faɗa da baki sai na tambaya a wane sashe za a sa shi, sau nawa, wa zai biya. Na ga wata tana juya ido, ko a jikina.

Kar kuma wani ya ce muku takardar tana tafiya kai tsaye har shekara 25, kowace bita suna iya cewa za su rufe ta, shi ya sa nake sa a rubuta ƙarara abin da bai gama koyo ba. Yanzu shekara 18 ce a gabanmu, likitan yara zai miƙa shi ɓangaren manya, soshal ma haka, na riga na tura takardar neman a tantance buƙatunsa a ƙarƙashin dokar kulawa ta 2014, ina jiran amsarsu.