Yini Ɗaya a Bamberg, Garin Giya Mai Ƙanshin Hayaƙi

Mako biyu ke nan da dawowata daga Jamus, kuma duk wanda ya tambaye ni labarin tafiyar sai in tarar na tsallake abin da ya kai ni, na kama ba shi labarin yini ɗaya da na yi a garin Bamberg. Abin da ya kai ni ƙasar shi ne BioFach, baje kolin kayan abincin da ake nomawa ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba, wanda ake yi a birnin Nuremberg a watan Fabrairun kowace shekara. Na tafi da samfurin busasshiyar citta ta Kachia, abokin tafiyata kuma wani malami ne Bakano mai fataucin zoɓo da riɗi. A filin jirgin da muka sauka, jami'in da ke duba fasfo bai amsa gaisuwata ba, ya yi ta juya takardar gayyata kamar yana neman laifi a cikinta, sannan ya sa na ƙirga guzurina a gabansa mutane suna kallo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a wurinmu ko ɗan sanda a shingen hanya yakan amsa sannu kafin ya nemi takarda.

Wanda ya wanke mini wannan ɓacin rai wani dattijo ne Bajamushe mai sayen kayan yaji, wanda muka shekara uku muna ciniki da shi ta waya ba mu taɓa haɗuwa ba. Baba muke ce masa, shi ma ya karɓi sunan da murna. Da aka rufe baje kolin ranar Juma'a, ya ce ba za mu bar Franken, yankin da Nuremberg take, ba sai mun ga Bamberg, garin da aka haife shi. Washegari ya sayi tikiti ɗaya da ake kira Bayern-Ticket, wanda mutum har biyar za su iya hawa jiragen ƙasa na yankin Bavariya da shi yini guda, kuma da muka raba kuɗin uku sai ya fi arha nesa ba kusa ba a kan kowa ya yanki nasa. Ba mu cika sa'a ɗaya ba muka isa.

Garin ƙarami ne, a kan tuddai bakwai yake, kuma UNESCO ta sa tsohon birninsa cikin wuraren tarihi na duniya a 1993. Mun ga tsohon ginin majalisar gari da aka kafa a tsakiyar kogin Regnitz, mun shiga babbar majami'a mai hasumiya huɗu inda kabarin Sarki Heinrich na Biyu da matarsa Kunigunde yake, har da na Fafaroma Clement na Biyu. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne wani lungu inda na ga mutane tsaye a bakin titi cikin sanyin da ke huda ƙashi, maza da mata har da tsofaffi, kowa riƙe da kofin wata baƙar giya suna hira a natse. Baba ya ce gidan giya na Schlenkerla ke nan, kuma shi da gidan Spezial ne ba su taɓa daina busar da tsiron sha'ir a kan wutar itace ba, tun zamanin da kowa ya koma busarwa da iska mai zafi wadda ba ta da hayaƙi.

Da lokacin abinci ya yi, Baba ya ce zai kai mu wani ƙaramin gida inda ake dafa giyar a bayan gida, a sayar da ita a zaure tare da abinci. Malam ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, ka ba Baba haƙuri, ni ba na zama inda ake shanta." Na ji nauyin faɗa, amma dattijon nan ko a fuska bai nuna damuwa ba. Ya taka da mu har wani shagon Baturke mai naman halal, ya biya wa Malam abinci da shayi tun kafin a kawo, ya roƙi mai shagon ya ba shi wurin yin sallar azahar, sannan muka juya. Na daɗe ban ga mai masauki da ya girmama addinin baƙonsa cikin sauƙi haka ba.

Zauren gidan giyar duk katako ne, rufinsa ƙasa-ƙasa, ga murhun ɗumama ɗaki a kusurwa, babu kiɗa, babu talabijin. Teburan dogaye ne, kuma ana zama tare da wanda ba a sani ba, sai dai a tambaya ko wurin babu kowa. Tebur ɗaya ne kawai baƙo ba ya taɓawa, wanda suke kira Stammtisch, na dattawan unguwa da ke zuwa kullum, kamar dai yadda kowace majalisa a ƙofar gida take da tabarmar da yaro ba ya hawa. Matar da ke kawo abinci ta kai shekara sittin, ba ta da yawan murmushi, ba ta kuma tsayawa dogon gaishe-gaishe, amma ba ta rubuta komai a takarda ba, kuma ba ta kuskure ko abu ɗaya a tebur mai mutum tara. Duk kofin da ta ajiye sai ta ja layi da biro a kan ɗan kwalin da ake ɗora kofin, da shi za a yi lissafi a ƙarshe, kuma ban ga wanda ya yi gardama ba.

Ma'auninsu rabin lita ne, suna ce masa Seidla. Da na kai kofin baki, tun kafin in kurɓa, ƙanshin ya mayar da ni bayan ɗakin kakata. Launinta ja ne mai duhu, ɗanɗanonta kamar an jiƙa banda a ciki, da ɗan zaƙi a farko da ɗaci a ƙarshe. Kakata burukutu take dafawa, da shi ta biya kuɗin makarantar mahaifina, kuma na tashi ina ganin yadda take jiƙa dawa, ta baza ta a rufe tana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, ta shanya, a niƙa, ta dafa a manyan tukwane, ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta sake dafawa, sannan ta zuba ragowar na baya don ya tashi. Hayaƙin murhun nan yakan kama ruwan, ya kama zanenta, ya kama mu duka. Da na faɗa wa Baba haka, sai ya tashi ya kira mai gidan, wanda ya zagaya da mu baya ya nuna mana tukwanen jan ƙarfe da buhunan tsiro. Aikin ɗaya ne da na Kaka daga jiƙo har zuwa tashi, har dusar da ta rage su ma dabbobi suke ba wa. Bambancin shi ne sha'ir a madadin dawa, da wani fure mai ɗaci da suke kira Hopfen wanda ke hana ta saurin lalacewa, da kuma sanyi: tasu takan yi makonni tana kwance, kuma a da cikin ramukan da aka haƙa a duwatsun garin ake ajiye ta, alhali burukutu in ya wuce kwana biyu ya zama na zubarwa.

Baba ya yi mini bayanin dokar 1516 da aka kafa a Ingolstadt, wadda ta ce ruwa da sha'ir da Hopfen kaɗai za a sa a giya, sannan ya ɗaga yatsa ya ce Bamberg ta riga su da shekara 27, domin tata dokar tun 1489 take. Mai gidan kuwa ya yi karatun sana'ar, yana da takardar shaida a jikin bango, hotunan iyayensa da kakanninsa suna jere a gefenta. Nan ne zuciyata ta yi nauyi. Kaka ta san zafin tukunya da tafin hannunta, ta san tsiron da ya isa shanya da ido kawai, amma ta rasu ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya na abin da ta sani, mu jikokinta kuma da muka shiga makaranta kunyar faɗin sana'arta muka riƙa ji. Na san ɓarnar da shaye-shaye ya yi a ƙauyukanmu, na binne 'yan'uwa saboda ita, kuma ba na kiran kowa ya sha. Sai dai ko manyan kamfanonin giya na Najeriya, da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawar nan ta matan ƙauye suka koma wa.

Abincin ya ƙosar, amma ba shi da yaji ko kaɗan. An kawo mini Schäuferla, kafaɗar alade da aka gasa har fatar ta yi ƙaras-ƙaras, da curin dankalin Turawa mai danƙo kamar sakwara, da dafaffen kabeji. Naman yana rabuwa da ƙashi da cokali kawai, kuma da na barbaɗa yajin da na taho da shi a aljihu, wani tsoho da ke kusa da ni ya nemi ya ɗanɗana, ya yi tari, ya sake miƙo faranti. Farashi ne ya ɗaure mini kai. Kofin giya kusan Yuro huɗu ne, ruwan kwalba kuma bai yi ƙasa da haka da yawa ba, ba kuma a ajiye wa baƙo ruwa kyauta. A ganina wannan ba daidai ba ne, domin ko mai tuwo a tashar Kafanchan ruwa take fara miƙo wa mutum. Wajen biya, matar ta zo da jakar kuɗi a ƙugu ta yi lissafi a tsaye, Baba ya cika kuɗin da ɗan ƙari a hannunta, ya kuma hana ni taɓa aljihu.

Muka ɗauko Malam, ya sha shayi kofi uku har sun saba da Baturken. Jirgin yamma ya mayar da mu Nuremberg, ranar Lahadi duk shaguna a rufe, tsarabar yara sai a filin jirgi na saya da tsada. Ranar Litinin da asuba muna Abuja.